Gyaran Tsohuwar Kwamfuta da Ceton Rubutun da Ke Cikinta



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan tsohuwar kwamfuta, watau irin wadda aka yi aiki da ita a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu tun daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, wadda a yau take jibge a sito, ƙura ta lulluɓe ta, ana jiran ranar gwanjo. Mai sauraro yana iya tambayar abin da ya haɗa nazarin Hausa da sukudireba da dalma. Abin da ya haɗa su shi ne rubutu. A cikin waɗannan na'urori da fayafayansu akwai rubuce-rubucen kusan shekara 20, na Hausa da na Turanci, kama daga kundayen digiri da littattafan hikaya har zuwa jerin sunayen ma'aikata da bocar albashi, kuma da yawa daga cikinsu ba su da wani kwafi a ko'ina. Saboda haka za a dubi tsohuwar kwamfuta a nan a matsayin gafaka, a kuma nuna cewa amfanin gyaranta shi ne a buɗe ta a fitar da abin da ke ciki tun bai ruɓe ba.

Asalin Na'urar

Kwamfuta ta shigo Nijeriya tun kafin a ƙera ta tebur. A shekarar 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan, amma na'urorin wancan zamani ɗaki guda suke cinyewa, kuma ba mai taɓa su sai ƙwararre. Kwamfutar da mutum ɗaya zai ajiye a gabansa ta bayyana ne a ƙarshen shekarun 1970. An fitar da Apple II a Amurka a 1977, sai IBM PC a watan Agusta na 1981, sai BBC Micro a Ingila a ƙarshen wannan shekarar, sai Commodore 64 a 1982, sai Macintosh a 1984. Daga cikin waɗannan, IBM PC da na'urorin da wasu kamfanoni suka kwaikwaya daga gare ta su ne suka cika ofisoshin ƙasar nan, musamman masu ƙwaƙwalwar da ake kira 286 da 386 da 486, daga baya kuma Pentium. Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, kuma a cikin shekarun 1990 shagunan buga takardu suka yawaita a Sakkwato da Kano da Zariya.

Ma'ajin rubutu a wancan lokaci iri biyu ne. Akwai babban faifai na ƙarfe wanda ke ɗaure a cikin na'urar, akwai kuma faifai mai laushi wanda ake zurawa ana zarewa, wanda jama'a suke kira fulofi. Fulofi mai faɗin inci 5 da kwata yakan ɗauki kilobayit 360, watau wajen haruffa 360,000, kimanin shafi 180 ke nan idan kowane shafi yana da haruffa 2,000. Ƙaramin, mai inci 3 da rabi, yakan ɗauki megabayit 1.44, wanda ya isa ya haɗiye kundin digiri na uku har ya bar wuri. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro wannan ƙaramin, ya daina yin sa a 2011.

Takarda da Faifai

Mutanen ƙasar Tambuwal ba baƙi ba ne ga maganar adana rubutu. A garin ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kuma an san shi da malanta da waƙoƙin Larabci. Rubuce-rubucen malaman jihadi, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello wanda aka kammala a 1812, sun kawo yau ne a kan takarda da tawadar gargajiya, cikin gafakar fata, kuma duk almajirin da ya iya baƙi zai ɗauka ya karanta, ba ya bukatar komai sai hasken rana. Ko gara ta ci gefen shafi, sauran yana karantuwa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, suna riƙe da irin waɗannan takardu masu yawa.

Rubutun faifai ba haka yake ba. Ido ba ya ganinsa, domin tabo ne na maganaɗisu a kan wani siririn shafe mai kama da tsatsa. Kafin a karanta shi sai an sami abubuwa 4 a lokaci guda: faifan yana da rai, akwai na'urar da za ta juya shi, akwai manhajar da ta san tsarin da aka ajiye rubutun a ciki, akwai kuma zubin haruffan da aka buga shi da shi. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ukun ba su da amfani.

Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan. A shekarar 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙididdige filaye da dukiyar ƙasarsa a wani littafi mai suna Domesday, wanda har yau yana nan ana karanta shi. Da littafin ya cika shekara 900, watau a 1986, sai gidan rediyon BBC ya shirya sabuwar ƙididdiga, mutum fiye da miliyan 1 suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba aikin a kan fayafai na musamman masu aiki da hasken leza. Kafin shekarar 2002 na'urorin da ke karanta fayafan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga Jami'ar Leeds da Jami'ar Michigan suka haɗu suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, sannan aka iya buɗe aikin. Littafin fata ya yi shekara 900 lafiya, faifai kuwa bai cika 20 ba ya nemi ya gagara. Idan haka ta faru a ƙasar da aka ƙera na'urar, to, ana iya kintata halin da faifan da aka jefa cikin kwali a Kebbe yake ciki.

Abubuwan da Ke Lalata Ta

Wajibi ne mai niyyar gyara ya san maƙiyan na'urar. Na farko shi ne batir ɗin da ke riƙe agogo da saitin na'ura. A kwamfutoci masu 386 da 486 yawanci wani ɗan batir ne mai siffar ganga da aka lika a jikin babban allon da sauran sassa ke zaune a kai. Idan ya tsufa sai ya tsiyayar da ruwa mai kaifi irin na toka, ya cinye siraran hanyoyin tagulla da ke kusa da shi, a ga wurin ya yi kore. Wannan ɓarna tana ci ko da ba a kunna na'urar ba.

Na biyu shi ne abin da masu gyaran rediyo suke kira kwandansa. Masu ruwa a ciki sukan bushe ko su kumbura, kuma zafi yana gaggauta hakan, ga shi a wannan yanki zafin bazara yakan wuce digiri 40, balle a sito mai rufin kwano. Akwai kuma wasu na takarda, ƙirar RIFA, da ke cikin akwatin wutar na'urori irin su BBC Micro, waɗanda jikinsu ke tsattsagewa, raɓa ta shiga, ranar da aka ba su wuta su fashe da hayaƙi.

Na uku shi ne yanayi da ƙwari. Ƙurar hunturu takan toshe fanka ta zauna a kan allurar da ke karanta faifai. Laimar damina takan sa fumfuna ta tsiro a fuskar fulofi. Ɓeraye sukan ci waya, kyankyasai su yi gida a ciki, zanzaro ya gina ɗakinsa a ramin iska. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran saurin kisa, shi ne hannun mai gaggawa. Wutar gida a Nijeriya tana kusa da bolt 230, alhali yawancin na'urorin da aka shigo da su na hannu daga Amurka an saita su a kan 115. Akwai ɗan jan maɓalli a bayan akwatin wuta wanda ke sauya wannan, kuma wanda ya jona bai duba shi ba, ya ƙone na'urar a cikin ƙiftawar ido.

Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne a hana kai kunna ta. Duk wanda ya tsinci tsohuwar na'ura zuciyarsa takan raya masa ya jona ya gani ko tana tashi, kuma a nan ake yin asara mafi yawa. Abin da ya kamata shi ne a fara da alƙalami. A rubuta sunan na'urar da lambarta, da ofishin da aka same ta, da sunan teburin da ta yi wa aiki, a ɗauki hotonta ciki da waje kafin a zare ko waya ɗaya, a kuma tattara duk fayafan da ke tare da ita a ba kowane lamba, a kwafe abin da aka rubuta a takardar da ke manne da shi.

Mataki na biyu shi ne tsabta. A buɗe murfi a kaɗe ƙura da burushi mai laushi. A yanke tsohon batir a fitar. Inda ya zuba, a shafa ruwan tsami irin na binega kaɗan domin ya kashe kaifin, a bi da sifirit mai tsabta, a bari ya bushe sarai. Hanyoyin tagullar da suka yanke ana gano su da mita, a haɗa su da siririyar waya da dalma. Kafin a taɓa allon, mai gyara ya taɓa ƙarfen jikin akwatin, domin wutar da jiki ke tarawa a lokacin hunturu, wadda ke sa riga ta yi ƙara idan ana tuɓe ta, ta isa ta kashe ƙwaƙwalwar na'ura.

Mataki na uku shi ne gwajin akwatin wuta. A raba shi da babban allo, a canza kwandansan da suka kumbura ko suka tsage, a jona masa wani abu marar daraja da zai ja wuta, kamar mataccen faifai, a auna da mita a tabbatar yana ba da bolt 5 da bolt 12 daidai. Sai an gamsu da wannan za a mayar da shi, kuma a fara tayar da na'urar babu babban faifai a jikinta. A nan akwai gargaɗi ga ɗalibai: akwatin kallo irin na da, mai ƙaton baya kamar talabijin, yana aiki da dubban bolt, kuma yakan riƙe wuta bayan an kashe shi. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe shi. Tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin da ke kasuwannin Tambuwal da Jega da Sakkwato sun san wannan akwati fiye da matasa masu gyaran waya, kuma ya kamata a nemi hannunsu tun suna nan.

Mataki na huɗu, wanda dominsa aka yi sauran, shi ne kwafe abin da ke ciki. A ɗauka cewa tsohon faifai sau ɗaya zai yarda ya juya. Saboda haka a shirya wurin da za a zuba kafin a ba shi wuta, a kuma kwafe shi ɗungurungum, kada a tsaya buɗe fayil ɗaya ɗaya ana karatu. Yawancin manyan fayafai na shekarun 1990 ana iya zare su a jona su da sabuwar kwamfuta ta hanyar 'yar mahaɗa mai bakin USB. Waɗanda suka girme su kuwa, na zamanin IBM XT, ba su jin maganar kowa sai katin da aka tsara su da shi, kuma a irin wannan hali babu makawa sai an tayar da tsohuwar na'urar kanta. Game da fulofi, a fara kulle shi don kada a yi rubutu a kansa bisa kuskure: ƙaramin ana tura ɗan makullin da ke kusurwa har ramin ya buɗe, babban kuwa ana liƙe tsagar da ke gefensa da salatif. A leƙa fuskar faifan, idan akwai fumfuna a goge a hankali kafin a zura, a kuma riƙa goge allurar na'ura da sifirit. Akwai ƙananan na'urori na zamani, irin su Greaseweazle da KryoFlux, waɗanda ke ɗauko tabon maganaɗisun kamar yadda yake, ko da tsarin faifan baƙo ne ga sabuwar kwamfuta.

Mataki na biyar shi ne buɗe fayil. An buga yawancin rubutun wancan zamani da WordStar ko WordPerfect ko tsohon Word, lissafi da Lotus 1-2-3, jerin sunaye kuwa da dBase. Fayil ɗin WordStar idan aka buɗe shi da manhajar da ba ta san shi ba, sai a ga harafin ƙarshe na kalmomi ya rikiɗe, har mutum ya zaci faifan ne ya lalace, alhali ɗabi'ar manhajar ce. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da na Lotus, kuma DOSBox tana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, ta yadda za a kunna tsohuwar manhajar ta karanta kayanta da kanta.

Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

A nan ne aikin ya bar hannun mai dalma ya dawo hannun manazarcin Hausa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, bayan an daɗe ana ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi. Amma ma'aunin haruffan da kwamfutocin farko suka taso da shi, mai suna ASCII, gurbi 128 kawai yake da shi, kuma babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. Masu buga Hausa sai suka shiga dabara. Wasu sukan buga k da d da b, bayan takarda ta fito su bi da biro suna sa ƙugiya, kamar yadda ake yi a zamanin tafireta. Irin wannan fayil ba ya bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, domin ƙugiyar tana kan takardar da wataƙila ta ɓace.

A cikin shekarun 1990 aka sami zubin haruffa na Hausa, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. A wani zubin an ari q da x da v, a wani kuma an ari baka-baka da makamantansu. Muddin zubin yana cikin na'ura, komai daidai yake fita. Ranar da aka kai fayil ɗin inda babu shi, sai ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya, ɓarna ta koma varna ko ~arna.

Ma'aunin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta dindindin, sai dai an ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare a ofisoshi. Saboda haka duk rubutun Hausa da aka ceto sai an mayar da shi kan Unicode. Aikin yana da sauƙi a ido, tunda umurni ɗaya ya isa ya sauya kowane q zuwa ƙ, amma wanda ya yi haka ido rufe zai lalata duk sunan Bature da kalmar Turanci da ke cikin kundin, ya kuma mayar da baka-baka na gaskiya haruffa. Dole a sami mai jin harshen ya bi layi layi, musamman idan rubutun waƙa ne ko karin harshen Sakkwatanci, inda na'ura ba ta da ƙamus ɗin da za ta dogara da shi. Dole kuma a ajiye fayil na asali yadda aka same shi, tare da zubin haruffansa, a yi gyara a kan kwafi.

Ruwan Ma'aikaci

Ma'aikacin gwamnati yana iya ganin wannan duk sha'anin malaman jami'a ne. To, a dubi tarihin yankin. An cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, aka cire Zamfara a 1996, kuma a wannan shekarar ta 1996 aka cire Ƙaramar Hukumar Kebbe daga ta Tambuwal. Kowane irin wannan rabo yana tafe da rabon ma'aikata da fayiloli da kadarori, kuma ya faɗo daidai lokacin da ofisoshi suke ƙaura daga tafireta zuwa kwamfuta. Wanda aka ɗauka aiki a 1991 ya cika shekara 35 a 2026. Ranar da ya je tantancewar fansho za a tambaye shi takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da shaidar albashi, kuma idan gara ko ruwan sama sun ci fayil ɗinsa na takarda, mai yiwuwa sauran shaidar da ta rage tana cikin wani faifai a sito. Haka abin yake ga rajistar filaye da sakamakon jarrabawar makarantu da lissafin kuɗin shiga na kasuwanni.

Akwai kuma ɗaya gefen. Na'urar da aka sayar a gwanjo ba a duba cikinta ba, ta tafi da sunayen mutane da albashinsu da asirin ofis zuwa hannun 'yan jari-bola. Dokar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ta ɗora wa ofisoshin gwamnati nauyin kula da bayanansu, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana sakaci da bayanan mutane. Jami'in da ya sa hannu a takardar zubar da kaya ya kamata ya san cewa ƙarfe da bayani duka ya sa wa hannu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari 4. Na farko, kowace sakatariya da makaranta ta ƙirga tsofaffin kwamfutoci da fayafan da ke sitonta, ta cire batir daga jikinsu, ta ɗauke su daga ƙasa zuwa wuri mai inuwa da iska, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Na biyu, kwamitin da ke duba kayan gwanjo kada ya saki na'ura sai an kwafe faifanta an kuma goge shi. Na uku, sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a su haɗa ɗaki ɗaya, mai na'urori 2 ko 3 da aka gyara, inda marubuci ko ma'aikaci zai kawo faifansa a karanta masa, ɗalibai kuma su sami aikin kundin kammala karatu a wurin. Na huɗu, duk abin da aka ceto a ajiye shi kwafi 3 a wurare dabam-dabam, kuma abin da ya fi muhimmanci a buga shi a takarda a kai ma'ajiyar tarihi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai ita wannan zumar ba ta jure ajiya. Fulofin da aka rubuta a 1996 ya kai shekara 30 a 2026, batir ɗin da ke cikin na'urar yana ci gaba da zuba, kuma masu buga takardun da suka san wane faifai ne na wane ofis suna ta yin ritaya. Aikin da za a iya yi bana da burushi da mita da sifirit, nan da 'yan shekaru ko an kashe kuɗi mai yawa ba lalle ne ya yiwu ba.